Disket Biyu a Cikin Lasifika

Azumin bana ya zo mana da ruwan sama da zafi tare. Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar shago a unguwar Nkembo, hadari ya taso daga wajen teku, iska ta tsaya cak, gumi yana bin bayana, sai warin kwata da na jiƙaƙƙen kwali ya bugi hancina. Na ce a raina, na san wannan azumin. Watan Ramadan yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo ya dawo inda ya baro, ga shi ya dawo ya same ni da rai. Wancan karon ina da ƙarfina, ina da mata da 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu, kuma gwamnati ta ba wa baƙi wa'adi.

Ni mutumin Kano ne. Da jaka ɗaya ta batir da madaurin agogo na shigo Libreville, na yi talla a kasuwar Mont-Bouët har ƙafata ta san kowane rami. Daga baya na kama shago, na zama dillalin tsofaffin rediyo da kaset da amfilifaya da manyan lasifika na biki. Ban yi boko ba, amma in ka ajiye mini rediyo na ji kukanta, zan gaya maka abin da ke damunta da abin da za ta yi a kasuwa.

Shekara guda kafin azumin da nake ba da labari aka karya darajar kuɗin sefa. Mun kwanta da kuɗi, mun tashi da rabinsa. Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai gane ba, domin nan kusan duk abin da ake ci ta jirgin ruwa yake zuwa: shinkafa, madara, sukari, tumatirin gwangwani. Komai ya tashi a mako ɗaya, rediyo kuwa ba a cin ta, don haka ba mai saye. Muka koma rogo, irin wanda matan garin nan ke naɗewa a ganye, wanda a da matata Asabe take toshe hanci in ta wuce masu sayar da shi. Ta koyi dafa ayaba da busasshen kifi. Gero ya yi wuya, kunun shan ruwa ya koma na masara, ga tsami ba sukari. Dabino guda ɗaya Asabe take tsagawa gida uku. Da azumi ya kama sai ta fara soya ƙosai a ƙofar gida bayan la'asar, da waken da 'yan Kamaru ke kawowa, kuma gaskiya wannan kaskon ne ya riƙe gidan, ba shagona ba.

Ana cikin haka aka yi shela cewa duk baƙon da ba shi da katin zama ya gyara takardunsa ko ya bar ƙasar, kuma wa'adin zai cika a tsakiyar azumi. Kuɗin da ke hannuna na katin mutum ɗaya ne kawai. Muka zauna da Asabe muka yanke cewa ni zan tsaya in riƙe shago, ita ta hau jirgin ruwa da yara su koma gida. Na je na rubuta suna huɗu da nata na biyar.

Ƙananan ukun ba su damu ba, murnar ganin Kano suke. Babbar ce abin ya taɓa. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwani muke ce mata. A Libreville aka haife ta, da Faransanci ta yi karatu tun daga ajin farko, kuma a lokacin tana shekara ta biyu a jami'a tana karanta ilimin kwamfuta. Haihuwa a nan ba ta mai da ita 'yar ƙasa ba. An gaya mana katin ɗalibai ba zai tsare ta ba in wa'adi ya cika. In ta hau jirgin nan karatu ya ƙare, domin wa zai ɗauke ta a can da takardun Faransanci a tsakiyar shekara?

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta zo shago ta tsaya ta ce, "Baba, ina da magana."

"Ina jin ki."

"Kulob ɗinmu na kwamfuta zai yi gasar da yake yi duk shekara, kwana huɗu kafin jirgi. Wani kamfanin katako na Owendo zai ɗauki waɗanda suka yi nasara su koyi aiki, kuma duk wanda ya ɗauka shi yake yi masa takardun zama. In mun ci, ka bar ni?"

Na ce, "In kun ci. In ba ku ci ba, ba na son gardama a bakin jirgi."

Ta ce ta yarda. Ciniki ne tsakanina da 'yata, kuma na san ba ta saɓa magana.

Su uku ne a ƙungiyarsu. Akwai Ondo, ɗan garin nan, dogo siriri mai surutu kamar rediyon da maɓallinta ya lalace, shi ne shugabansu. Akwai Sidonie, mai shiru, in ta yi magana sau ɗaya to an gama. Duk Kiristoci ne. Wata biyar suna gina wani tsari na kwamfuta wanda in ka ba shi tsawon gungumen icen okume da kaurinsa, zai faɗi nauyinsa, ya nuna yadda za a jera gungumen a kan jirgi kada ya karkata. A lokacin ana yajin aiki an rufe azuzuwa, sai kulob ya raba tsofaffin na'urorinsa ga ƙungiyoyi, kowa ya nemi inda zai ajiye. Uwani ta ce a kawo tasu bayan shagona, saboda ina da na'urar daidaita wuta, kuma na iya walda in wata waya ta tsinke.

Kwamfutar ta zo a taksi, Ondo ya rungume ta kamar jariri. Ƙatuwa ce, ruwan toka, tana huci kamar tsohuwar akuya. Rumbun ajiyar cikinta ya mutu tun damina ta baya, sabo kuwa ya ninka kuɗi, don haka duk aikinsu yana kan disket, wani ɗan faifai a cikin baƙar roba wanda bai kai tafin hannuna ba. Biyu ne, ɗaya na aiki, ɗaya kwafinsa. Kullum in za su tashi Sidonie ce take kwafewa, ta sa su a leda ta ɗaure saboda fumfuna, domin a garin nan takalmi ma in ya kwana uku a lungu sai ya yi gemu.

Yanzu jikokina suna riƙe da waya wadda aka ce ta fi wannan na'urar sau ban san adadi ba, kuma abin da suka rubuta yana can a ajiye a wani wuri ko da wayar ta faɗa teku. Mu a lokacin aikin wata biyar yana cikin leda ɗaya a aljihun tebur.

Ranakun sun yi kama da juna. Mu ci sahur da rogo da ruwan shayi, in yi asuba, in buɗe shago da hantsi ba don ciniki ba sai don kada zuciya ta mutu. Su ukun su iso wajen ƙarfe takwas. Rufin kwano ne, kafin azahar ɗakin bayan ya zama tanda. Fanka ɗaya gare ni, na'urar aka juya wa ita, mutane su yi ta kansu. Uwani tana azumi, leɓenta ya bushe, mayafinta ya jiƙe ya manne a wuya. Ondo da Sidonie ba su taɓa shan ruwa a gabanmu ba, sai su zagaya bayan shago. Ba wanda ya ce su yi hakan. Bayan la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwata ta cika ta shigo har bakin ƙofa, mu ɗaga kaya kan benci, wuta ta ɗauke, Ondo ya ɗora hannu a ka ya kira sunan kakanninsa.

Da magariba sukan biyo mu gida su sha ruwa kafin su kama hanya, don ba a son yawo in duhu ya yi. Ondo ne yake fara miƙa hannu a kwanon ƙosai.

Asabe ta ce masa da ɗan Faransancinta na kasuwa, "Kai da ba ka yi azumi ba, gaggawar me kake?"

Ya ce, "Mama, ina yi mana. Nawa azumin, daga safe zuwa yanzu ban ci ƙosai ba ko ɗaya."

Ranar tara ga azumi, saura kwana biyar gasa, sun tashi da wuri sun tafi taron kulob. Wajen azahar wani mai tura baro ya shigo layinmu a guje yana cewa jandarmomi sun fara bi shago shago daga bakin kasuwa, wai har kaya suke kwashewa. Layi ya rikice. Masu ƙofar ƙarfe suna ja, masu tebur suna tattarawa.

To mu dillalan rediyo muna da maɓoyarmu tun fil azal. In abu ya tashi, sai ka kwance bayan babbar lasifika, ka cusa fasfo da takardun shago da duk abin da kake ji da shi a ciki, ka mayar da kusoshi. Ba wanda zai tsaya kwance akwatin da ya kai ƙirjinsa. Na yi haka a lokacin tarzoma, na yi lokacin da ɓarayi suka addabi layin, ban taɓa asarar ko allura ba. Na kwance wadda ta fi kowacce girma, na sa fasfunan gida. Sai idona ya faɗa kan aljihun tebur. Na'urar ba ta ɓoyuwa, amma na san ranta yana cikin ledar nan. Na ɗauko, na tura ta can ciki, na manna ta a jikin baƙin ƙarfen da ke bayan lasifikar don kada ta zame, na ɗaure. Har na ji daɗin kaina.

Jandarmomi biyu ne suka zo, gumi ya jiƙa musu riga. Suka duba katina, suka duba takardar jirgin iyalina, ɗaya ya tambayi kuɗin wata ƙaramar rediyo, suka wuce. Ko tsinke ba su ɗauka ba.

Washegari da safe na fito da ledar na miƙa wa Sidonie ina ba su labarin dabarata. Ban kai ƙarshe ba na ga fuskar Uwani ta canja.

"Baba, a ina ka ce ka sa?"

"A cikin lasifika. Jikin ƙarfen baya."

"Jikin mayen ƙarfen?"

"Shi."

"Duka biyun?"

Sidonie ta sa na farko a na'ura. Na'urar ta yi gurnani, ta yi gurnani, ta fito da layi ɗaya na rubutu. Ta sa na biyu, haka. Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ni da nake hana masu saye ajiye kaset a kan lasifika saboda mayen ƙarfe yana shanye waƙa, shekara nawa ina faɗin wannan, ban taɓa kawo wa raina cewa ɗan faifan nan ɗan'uwan kaset ba ne. Na ɗauka wani abu ne na Turawa da ya fi ƙarfin wannan.

Ondo ya zauna a ƙasa, karon farko da na ga bakinsa a rufe. Uwani ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta juya mana baya. Na sha yin asara a kasuwa, na sha sayen kaya a ruɓe, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan safiyar ba. Da hannuna na sa 'yata a jirgi.

Na ce, "Laifina ne. Ba wani bayani. Ku gaya mini abin da ake yi, in ana sayensa in sayo."

Sidonie ta ce, "Ba a sayensa, Papa." Sannan ta juya wajen Uwani. "Takardun da muka buga a makaranta kafin a rufe fa? Na wata guda da ya wuce. Ke kika tafi da su."

Uwani ta ce, "Sun tsufa, mun canja abubuwa da yawa. Na zuba su a kwali a gida." Sai ta dafe ƙirji. "Inna!"

Muka ɗunguma gida. Asabe tana surfa wake. Jarida ta yi tsada, ita kuwa ta ga kwali cike da farar takarda mai huji-huji a gefe, an ce ba ta da amfani. Tun ɗaya ga azumi da ita take ƙunshe ƙosai, tana raba kowane shafi biyu don ya yi auki.

Ta ce, "To ni na sani? Cewa kika yi shara ce. Uba ya ɓoye, uwa ta soya, ai sai ki yi haƙuri, Allah ne ya haɗa ki da mu."

Ondo ya fashe da dariya har da hawaye, ita ce dariyar farko a ranar. Abin da ya rage a ƙarƙashin tirenta bai kai rabi ba. Sauran ya bi ƙosai ya shiga unguwa.

Asabe ta ɗaura mayafi. Ta san duk wanda ya sayi ƙosanta da ranar da ya saya. Gida gida ta bi a cikin zafin nan, da azumi a bakinta, tana tambayar matan unguwa takardar ƙosai. Mutane suna ɗaure kayan tafiya, wasu suna sayar da katifa da tukwane a bakin hanya, amma suka tsaya suna duba bayan murhu da kwandon shara. Aka samo kaɗan. Yawanci an hura wuta da su.

Sai ta tuna cewa mafi yawan ƙosanta masallaci ake kai wa, sadakar shan ruwa. Mai kula da masallacin unguwarmu wani tsoho ne mutumin Tawa, Malam Hamidu, wanda kullum muke tsokanar juna. Na same shi yana shara.

Na ce, "Malam, takardun da ake ƙunso ƙosai, ina ake zubarwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Zubarwa? Kai Bakano, takarda mai rubutu ka taɓa ganin na kai juji? Mi na sani ko da sunan Allah a ciki?"

"Ai rubutun kwamfuta ne."

"Ni na iya karanta shi? Abin da ban iya karantawa ba, ba ni yanke mishi hukunci."

Ya kai ni bayan masallaci ya nuna mini buhun shinkafa rataye a ƙarƙashin rufi inda ruwa ba ya taɓawa. Duk takardar da ya tsinta, ta jarida, ta magani, ta ƙosai, a nan yake tarawa, in azumi ya wuce ya ƙona a wuri mai tsarki. Na sauke buhun, kyankyasai suka watse, warin tsohon mai ya tashi. Ban taɓa jin ƙamshi irin wannan ba.

Kwana huɗun da suka biyo baya, ban san na taɓa aiki irinsu ba. Na rufe gaban shago. Muka baje takardu a kan benci da ƙasa da saman rediyoyi. Mai ya sa sun zama kamar gilashi, rubutun ya yi dishi-dishi, amma in ka ɗaga a gaban ƙwan lantarki yana fitowa. Asabe ta kawo garin rogo muka barbaɗa ya tsotse man. Ni ban san abin da ke rubuce ba, amma na san haɗa abin da ya rabu, sana'ata ce. Yagewar kowane shafi daban take, sai in bi bakin yagewar in nemo ɗan'uwansa, in manne da salatif, in miƙa. Uwani tana karantawa da ƙarfi, Sidonie tana bugawa, Ondo yana safa da marwa yana tuno abin da suka canja a watan da ba ya kan takarda.

"A nan muka gyara lissafin nauyi."

"Ba nan ba ne, gaba ne."

"Uwani, na rantse da kabarin kakana."

"Bar kakanka ya huta, duba littafinka."

Wuta ita ce abokiyar gaba. A rana ta biyu ta ɗauke tun azahar, aikin awa biyu ya tafi. Na ɗauki amfilifayar da na fi ji da ita a ka, na kai wa wani mai walda ɗan Benin, na ce ya riƙe, ya ba ni aron ƙaramin janaretonsa na kwana uku. Muka ajiye shi a bakin ƙofa muka kifa masa baho saboda ruwa. Hayaƙi yana shigowa, zafi yana saukowa daga kwano. Muryar Uwani ta dushe a rana ta uku, ba halin kurɓar ruwa, sai ta koma nuna layi da yatsa Ondo yana karantawa. Na ce mata ta ajiye azumin ta rama. Ta girgiza kai.

Shafi uku ba a taɓa samunsu ba, kuma su ne na ɓangaren da ke zana hoton jirgi da gungume a kan allo. Ba lokacin sake gina shi. Uwani ta rubuta wani gajere wanda ke jera haruffa kawai a madadin hoto, kowane harafi gungume ɗaya. Ondo ya kalla ya ce ya yi kama da haƙoran tsohuwa. Amma lissafin yana fita daidai.

Ranar gasa ni na ɗauki na'urar a cinyata a taksi, an lulluɓe ta da ledar tebur, ruwa yana dukan gilashi. Disket ɗin kuwa Sidonie ta rataya ɗaya a wuyanta, ɗaya a wuyan Uwani, ta ce kada in matso kusa. A wani zaure aka yi, ƙungiya bakwai ko takwas, kowacce da teburinta. Na zauna a baya da hulata a gwiwa. Malamai uku da wani injiniyan kamfanin suna zagayawa, su ba da lambobi, ɗalibai su buga, a duba amsa. Ban fahimci komai ba sai fuskoki, su kuwa na iya karanta su. Da suka zo teburinmu injiniyan ya ba da lambobi sau uku, yana duba wata takarda a hannunsa, yana gyaɗa kai. Sannan ya dubi haƙoran tsohuwar nan ya ɗan yamutsa fuska. Teburin da ke kusa da mu jirginsu har launi gare shi, yana juyawa.

Bayan azahar aka faɗi sakamako. Masu jirgi mai launi ne na ɗaya, kamfani zai ɗauke su su uku. Namu ne na biyu. Sai injiniyan ya ƙara da cewa saboda lissafin ƙungiya ta biyu ya fi na kowa daidai, akwai gurbi ɗaya, kuma bisa ƙa'idar kulob na shugaban ƙungiya ne.

Na san Ondo. Mahaifiyarsa kifi take gasawa a bakin hanya, shi ne babba a gidansu, takalmi ɗaya na san shi da shi. Gurbin nan abinci ne a gare shi. Aka miƙo masa takarda da biro. Ya rubuta, ya mayar, ya dawo yana fito. Injiniyan ya duba ya kira sunan Uwani.

A waje na tare shi. Na ce, "Ondo, ni ɗan kasuwa ne, ba na karɓar abin da ban san kuɗinsa ba. Don me ka yi haka?"

Ya ce, "Papa, ni wa zai sa ni a jirgi? In sun kore ni, ƙauyenmu za su kai ni, kuma can ma akwai ayaba. Baɗi akwai wata gasar." Ya ɗaga kafaɗa. "Kuma lissafin nata ne. Ni surutu na kawo."

Sidonie ta ce, "Wannan gaskiya ne."

Na kai masa rediyo mai kaset biyu, mafi kyau a shagon, ya ƙi karɓa. Na kai wa mahaifiyarsa, ita ta karɓa, ta ce yaron ba shi da hankali tun yana ƙarami. Shekara biyu ya ƙara yana fama kafin ya samu nasa. Har yau in ya zo gaishe ni da furfurarsa, ban san yadda zan zauna a gabansa ba.

Kamfanin ya ba Uwani wasiƙa a washegari, da ita aka karɓi takardunta aka ba ta rasit na jiran kati. Na je na cire sunanta daga jerin jirgi. Gurbin na ba wa Malam Hamidu, wanda ba shi da kati ba shi da kuɗin tafiya, yana zaune yana jiran abin da Allah zai yi. Ya ce zai sauka a Legas ya nemi hanyar Tawa, kuma in na ƙona buhunsa a wuri marar tsarki bai yafe ba.

Ranar tafiya tashar jirgi ta cika maƙil. Katifu, buhuna, kekunan ɗinki, yara suna kuka, rana tana dukan kai, ƙarfen jirgi yana turiri. Mutane da yawa da muka yi shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, ranar na yi musu ganin ƙarshe. Asabe ta riƙe hannun Uwani ta daɗe, tana ta jero mata abubuwa: inda ta ajiye kaskon, wadda ake sayen wake a wurinta, kada a bar gishiri a buɗe.

"Kuma ki kula da ubanki. Kada ki bar shi ya ɓoye komai."

Suka hau. Sai bayan shekara biyu da rabi na iya dawo da su, amma a ranar ban san ko zan sake ganinsu a garin nan ba. Muka tsaya har jirgin ya zama ɗigo, hadari ya taso ya rufe shi. La'asar ta yi sanyi, mutane suka watse, ruwa ya fara sauka. Na juya, ga Uwani a gefena da jakar makarantarta a ka tana kare ruwa, gobe ƙarfe bakwai za ta fara zuwa Owendo.

Ta ce da dusasshiyar muryarta, "Baba, da me za mu sha ruwa yau?"

Ban sani ba. Ban taɓa kunna risho da hannuna ba, ba mu bar komai a kan wuta ba, kuma magariba ta kusa. Na ce mata mu tafi, ma gani a hanya. Muka kama hanyar Nkembo a cikin ruwa, mu biyu.